Gado a Najeriya: gwamnati ba ta yankar haraji, amma dukiya na zurarewa

A watan Oktoba na 2024, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya aika wa Majalisar Tarayya ƙudurorin gyaran haraji guda huɗu, babu maganar da ta fi saurin zagaya masallatai da majalisun hira a Arewa kamar cewa gwamnati za ta fara sa hannu a dukiyar mamata. Gwamnoni rigimarsu a kan rabon kuɗin harajin VAT take. Talaka kuwa abin da ya tsaya masa a rai shi ne gado. Malamai suka yi huɗubobi, Taiwo Oyedele, shugaban kwamitin da ya tsara ƙudurorin, ya sha fitowa yana cewa babu wani harajin gado a ciki. An sa wa dokokin hannu ranar 26 ga Yuni, 2025, dokar harajin kanta ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026. Har yau ba a biyan haraji a Najeriya don kawai dukiya ta tashi daga hannun mamaci ta koma hannun magajinsa.

Tsoron da mutane suka ji yana da asali. Cikin abubuwan da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zargi sarakunan Haɓe da su a Kitabul Farƙi har da kwashe dukiyar wanda ya mutu a ƙasarsu. Daga baya aka san ushira, kashi ɗaya cikin goma da kotun alƙali ke cirewa idan ta raba gado, wanda a zamanin En'e yake shiga baitulmali. A 1979 gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa dokar haraji a kan dukiyar da ta sauya hannu ta hanyar kyauta ko mutuwa. Dokar ba ta yi wani tasiri ba, aka soke ta a 1996.

To, idan gwamnati ba ta ɗauka, ina dukiyar ke zuwa? Kowane gari a ƙasar Hausa yana da gidan da ake nunawa a ce na Alhaji wane ne, mai motoci kaza a zamaninsa, yau ga katanga ta zube, 'ya'yansa suna kotu. A 2023 Hukumar Kula da Kasuwar Hannun Jari ta ƙasa ta ce ribar hannun jarin da masu ita ba su karɓa ba ta kai kimanin naira biliyan 190. Cikin masu wannan kuɗi akwai waɗanda suka daɗe a kabari, iyalansu ba su ma san an taɓa sayen hannun jarin ba. Babu jami'in harajin da ya ƙwace musu ko sisi. Rashin rubutu ne ya cinye su.

Lissafin ba shi ne matsala ba

Musulmi ba ya bukatar lauya ya faɗa masa wa zai ci gadonsa. Ayoyi na 11 da 12 da 176 na Suratun Nisa'i sun yanke wannan, malaman fara'ili kuma sun jera matakan: a yi wa mamaci sutura daga dukiyarsa, a biya bashi, a zartar da wasiyya iyakar sulusi, sannan a raba abin da ya rage.

Mu ɗauki misali. Mutum ya rasu ya bar mata biyu, da mahaifiya, da 'ya'ya maza uku da mata biyu. Bayan an biya bashi, dukiyarsa naira miliyan 48. Matan za su raba tumuni, miliyan 6, kowacce miliyan 3. Mahaifiya tana da sudusi, miliyan 8. Saura miliyan 34 a kasa takwas: kowace 'ya miliyan 4 da dubu 250, kowane ɗa miliyan 8 da rabi. Ɗalibin Islamiyya mai hazaƙa zai gama wannan kafin shayi ya huce.

Wahalar tana wurin wannan miliyan 48 ɗin. Wa ya ce 48 ne? A zahiri ba kuɗi ne a jaka ba. Gida ne da iyali ke ciki, da shago a Kantin Kwari wanda mamaci da ƙanensa suka shekara talatin suna juyawa ba tare da an taɓa zama an ce kason wane kaza ba, da buhunan hatsi a Dawanau a hannun wani yaronsa, da gona a ƙauye da kawu ke nomawa, da fili biyu da aka saya da takardar mai unguwa. Uwargida ta ce gwal ɗinta ta sayar aka yi rufin benen. Amarya ta ce motar kyauta ya ba ta. Wani ya zo da rantsuwa cewa ya ba marigayi ajiyar miliyan biyar, wasu goma da marigayin ke bi bashi kuma suka yi gum. Duk wanda ya taɓa zama a zauren rabon gado ya san a nan ake ɓata, tun ba a kai ga tumuni da sudusi ba.

Abin mamaki, al'ummar da ayar da ta fi kowace tsawo a Littafinta, ta 282 a Suratul Baƙara, take umarni da rubuta bashi da kafa shaidu, ita ce take ganin neman rubutu tsakanin 'yan'uwa rashin yarda ne. Ɗan kasuwa zai ba abokinsa kayan miliyoyi da baki kawai, ya ji kunyar cewa a sa hannu. Kunyar da ya ji ta minti biyu marayunsa ne za su biya ta shekaru.

Sai jinkiri. Ana cewa a bari a yi arba'in, a bari mata su fita takaba, a bari ƙananan su girma. Babban ɗa ya ci gaba da riƙe komai da sunan kula. Kafin a ankara mahaifiyar mamaci ta rasu, sudusinta ya zama gadon wasu. Ɗaya daga cikin 'ya'yan ya bi ta, nasa kason ya rabu tsakanin matarsa da 'ya'yansa. Wannan shi malamai ke kira munasaha, gado cikin gado. Gidan da mutum takwas ke da haƙƙi a ciki sai ya wayi gari da masu haƙƙi arba'in, ba ya sayuwa, ba ya gyaruwa, don babu mai zuba kuɗinsa a abin da ba nasa shi kaɗai ba. Waɗanda suka fi cutuwa a irin wannan zaman mata ne. Ana ce wa 'ya mace kasonta na gona "yana nan", tana gidan miji tana jin kunyar tambaya, har ta mutu bai zo hannunta ba.

Kotu biyu, takarda ɗaya

Sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumi a kan waƙafi da kyauta da wasiyya da gado idan mai dukiyar Musulmi ne. Saboda haka rabon kansa aikin kotunan Shari'a ne, ko malamin da iyali suka yarda da shi. Amma banki da kamfanin fansho da masu rajistar hannun jari da wata takarda suka saba aiki: takardar izinin kula da dukiyar mamaci, wadda ofishin rajistar gado na babbar kotun jiha ke bayarwa. Samun ta sai da shaidar mutuwa, da jerin kadarori, da masu tsayawa, da sanarwa a jarida, da jira. Ana kuma biyan kuɗi gwargwadon darajar dukiyar, wanda ya bambanta daga jiha zuwa jiha, a wasu wurare yana kai kashi 10 cikin 100. Ba a kiran sa harajin gado, amma magajin da ya ciro shi daga aljihunsa bai ga bambancin ba.

Akwai wani kuskure da ya zama ruwan dare. Mutum ya cike fom a banki ko a wurin aiki, ya rubuta sunan ɗansa ko ƙanensa a gurbin makusanci, ya ɗauka ya gama. Wanda aka rubuta ɗin ma ya ɗauka kuɗin nasa ne. Ba haka ba ne. Wannan gurbi na wanda za a tuntuɓa ne idan wani abu ya faru. Bai mai da kowa magaji ba, bai kuma cire kowa ba. Dokar fansho ta 2014 ta ce kuɗin ma'aikacin da ya rasu ana biyan su ne bisa wasiyyar da kotu ta tabbatar ko takardar izinin kula da dukiya. Dokar ta kuma wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Iyalai da yawa ba su san da wannan haƙƙi ba, ba su kuma taɓa nema ba.

Kuɗin da aka manta a banki ma ba ya zama a wurin har abada. Ƙa'idojin da Babban Banki ya fitar a Yulin 2024 sun ce asusun da ya shekara goma ba a taɓa shi ba a mayar da kuɗinsa wani asusun amana a Babban Bankin. Mai shi ko magajinsa na iya nema a dawo masa, amma sai ya san da shi. Yanzu ga wata sabuwa: matasa masu kuɗin kirifto a waya. Wanda ya mutu da kalmomin sirrinsa a ka, babu alƙali ko lauya a duniya da zai iya buɗe wannan ajiya.

Sulusin da ba a amfani da shi

Bahaushe na gudun rubuta wasiyya kamar rubutun ne zai kira ajali. Wasu kuma suna ganin tunda Allah Ya riga Ya raba, wasiyya shisshigi ce. Alhali Shari'a da kanta ta ba mutum sulusin dukiyarsa ya yi wasicci da shi ga wanda ba magaji ba, kamar yadda ya zo a hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas. Magaji ba a yi masa wasiyya sai in sauran magada sun yarda.

Wannan sulusi shi ne maganin wata matsala da ke sa hawaye a gidaje da yawa. Ɗa ya rasu kafin mahaifinsa ya bar ƙananan yara. Ranar da kakan ya rasu, baffanninsu sun katange su, ba su da komai, ko da ubansu ne ya tara rabin dukiyar da guminsa a shagon tsohon. Masar ta yi wa wannan doka tun 1946, ta mai da wasiyya ga irin waɗannan jikoki wajibi. A nan babu irin wannan doka, sai dai kakan ya yi da kansa. Layi biyu a takarda da shaidu biyu sun isa. Haka agolan da ya tashi a gidan, da ɗan riƙo, da tsohon direba ko yaron shago da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a hidima, da makaranta ko masallaci.

Wasiyya kuma ba rabo kaɗai ba ce. A cikinta mutum zai lissafa abin da ya mallaka da inda takardu suke, wa yake bi, wa ke bin sa, ajiyar wa ke hannunsa, wane kaya ne na matarsa ba nasa ba, wa ya naɗa wasiyyi ya kula da marayu. A ganina wannan ɓangaren ya fi sulusin ma muhimmanci.

Sai dai a yi hattara da irin wasiyyar da wasu lauyoyi ke kwafowa daga tsarin Ingila. A shari'ar Adesubokan da Yunusa a 1971, Kotun Ƙoli ta yanke cewa Musulmin da ya rubuta wasiyya a ƙarƙashin dokar wasiyya ta Ingila ta 1837 yana iya raba dukiyarsa yadda ya ga dama, ko da ya saɓa wa mazhabar Malikiyya. Hukuncin ya tayar da ƙura. Daga baya wasu jihohi, irin su Kaduna da Kwara, suka yi dokokin wasiyya nasu da suka toshe wannan ƙofa ga wanda Shari'ar Musulunci ke hawa kansa. A 2007, a shari'ar Ajibaiye, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe wasiyyar wani Musulmi a Kwara saboda ta saɓa wa rabon Shari'a. Darasin a fili yake: lauyan da bai san fara'ili ba zai iya rubuta maka takarda mai kyan gani wadda za ta jefa iyalinka cikin shari'ar shekara goma. Malamin da bai san dokar filaye da ta kamfanoni ba shi ma rabin aikin zai yi. Mai dukiya yana bukatar su biyun a zama ɗaya.

Kyauta, waƙafi da kamfani

Abin da mutum ya bayar yana da rai da lafiya ya fita daga gado. Amma a Malikiyya kyauta ba ta cika sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓa ya riƙe kafin mai bayarwa ya mutu ko ya kwanta ciwon ajali. Uban da ya ce "gidan nan na Hajiya ne" a gaban baƙi, amma ya ci gaba da karɓar haya, takardu na nan da sunansa, bai ba Hajiya komai ba sai rigima. Kyautar da aka yi a ciwon ajali kuwa hukuncin wasiyya take ɗauka.

Dokar ƙasa ta ƙara nata sharaɗin. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, kuma duk wanda zai sauya mallakar filin da ke da takardar shaidar mallaka sai da amincewar gwamnan. Kotun Ƙoli ta jaddada haka a shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989. Ke nan kyautar gida sai an rubuta, an biya kuɗin hatimi, an kai KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna ko makamancinsu an sauya suna. Akwai kashe kuɗi, akwai zirga-zirga, amma ya fi arha a yi shi mai gidan na raye.

A nan ne kuma ake fakewa a yi zalunci. Wani zai rabar da manyan kadarori ga 'ya'ya maza, ko ga 'ya'yan ɗakin da ya fi so, don kada mata su kai wa mazajensu. Takarda za ta iya tsayawa a kotu. Amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi zama shaida a kan kyautar da mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya yi masa shi kaɗai ban da sauran 'yan'uwansa. Tsara dukiya daban, dabarar hana magaji haƙƙinsa daban, kuma lauyan kirki ya kamata ya faɗa wa mai ba shi aiki haka ko da zai rasa kuɗin aikin.

Waƙafi, ko hubusi kamar yadda aka fi cewa a Kano, hanya ce da muka yi sakaci da ita. Ana tsare asalin kadara, ba a sayarwa, ba a gada, amfaninta na tafiya inda mai ita ya ayyana: karatun jikoki, asibiti, rijiya, marayu. Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi a 2003, Sakkwato da Zamfara ma suna da nasu hukumomin. Shi ma yana da iyaka, don Muhtasar na Halilu ya lissafa waƙafin da aka yi wa 'ya'ya maza ban da mata cikin waɗanda suka ɓaci.

Ga ɗan kasuwa kuwa, babbar kariya ita ce kamfani mai rajista. Shago in aka raba shi takwas ya mutu. Kamfani kuwa hannun jarinsa ake rabawa, kowane magaji ya samu kasonsa daidai da Shari'a, kasuwanci ya ci gaba da tafiya. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ma sauƙaƙa, mutum ɗaya na iya kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai. Kano tana da misalin da kowa ya sani. Alhassan Ɗantata ya rasu a 1955, aka raba dukiyarsa bisa Shari'a, amma kamfanin da ya kafa da 'ya'yansa bai watse ba. Ɗansa Ahmadu ya riƙe, bayan rasuwarsa a 1960 ƙanensa Aminu ya karɓa, ya kuma rayu har Yunin 2025. Aliko Ɗangote ma jikan ɗan'uwansu Sanusi Ɗantata ne ta wajen uwa. Attajirai nawa ne na zamanin dalar gyaɗa da yau ko sunansu ba a tunawa? Rajista kaɗai dai ba ta isa ba. Sai an raba aljihun kamfani da na cefane, an rubuta wa zai ja ragama, da yadda magajin da ke son fita zai sayar wa 'yan'uwansa kasonsa.

Inda harajin yake da gaske

Gadon kansa ba a yi masa haraji, amma abin da yake haifarwa ana yi. Hayar gidajen gado kuɗin shiga ne. A sabuwar doka, naira dubu 800 na farko a shekara babu haraji a kai, daga nan yana hawa mataki-mataki har kashi 25 cikin 100 ga abin da ya haura miliyan 50. Ribar sayar da kadara, wadda a da kashi 10 ne kai tsaye, yanzu ga ɗaiɗaikun mutane tana bin wannan matakala, ga manyan kamfanoni kuma kashi 30. Tunda riba ake yi wa haraji, magajin da ba shi da takardar da ke nuna darajar kadara da abin da aka kashe mata shi ne zai sha wahalar jayayya da jami'an haraji ranar sayarwa. Harajin da mamaci bai biya ba kuma bashi ne a kan dukiyarsa.

Babban ramin yana ƙasashen waje, kuma masu kuɗinmu da yawa suna tsaye a bakinsa. Gida a Landan yana ƙarƙashin harajin gado na Birtaniya ko mai shi bai taɓa zama a can ba: kashi 40 cikin 100 na abin da ya haura fam dubu 325. Tsohuwar dabarar sayen gidan da sunan kamfanin wani tsibiri ta daina aiki tun Afrilun 2017. Amurka ta fi tsanani ga baƙo: wanda ba ɗan ƙasa ba kuma ba mazaunin can ba, dala dubu 60 kacal aka yafe masa a kadarorin da ke can, har da hannun jarin kamfanonin Amurka da matasa ke saye ta waya, abin da ya haura kuma harajinsa na iya kai kashi 40. Dubai ba ta karɓar harajin gado, amma ana rufe asusun mamaci har sai kotun can ta ba da umarni. Duk mai kadara a waje yana bukatar lauya a ƙasar da kadarar take, da wasiyyar da ba za ta ci karo da ta gida ba.

Wannan ba maganar attajirai kaɗai ba ce. Malamin makaranta mai gida ɗaya da asusun fansho, da mai shago ɗaya a kasuwar Singa, da matar da ke da awaki da adashi da gwal, kowa yana da abin da za a yi rigima a kansa. Mai karatu, ka samu littafi ka rubuta abin da ka mallaka, da abin da ake bin ka, da abin da kake bi, da abin da ke hannunka amma ba naka ba. Ka sa hannu gaban shaidu biyu adalai, ka nuna wa malami da lauya, ka faɗa wa iyalinka inda ka ajiye. In kuma kai ne ke riƙe da gadon da ba a raba ba, ka kira 'yan'uwanka mata da maza a raba a wannan shekarar.